SHAN INNA, BODAR JIBIYA, DA 'YAR ƘWAYAR DA KE MOTSA JIKINMU

Rubutun yau yana da tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai bayan Isha'i.

Akwai wata tambaya da take dawowa duk lokacin da masu ɗigon shan inna suka fito da akwatunansu, ko a cikin unguwa, ko a tasha, ko a bakin boda wajen Farfaru da Magama inda ake ƙetarawa da yara tsakanin Jibiya da Maraɗi. Tambayar ita ce: ba an ce an gama da cutar nan tun 2020 ba? To me kuma ake nema a bakin 'ya'yanmu? Tambaya ce mai ma'ana, kuma a ganina amsar da jami'ai ke bayarwa a rediyo ta yi gajarta da yawa, shi ya sa mutane ke cike gurbin da jita-jita. Cikakkiyar amsar tana da tarihi na shekara 150, kuma ta fara ne daga wata 'yar ƙwaya da ke cikin lakar bayan kowannenmu.

Idan ka yi niyyar ɗaga ƙafa, umarnin yana tashi daga ƙwaƙwalwa, wata ƙwayar jijiya ta sauko da shi cikin laka, ta miƙa wa wata ta biyu da ke zaune a gaban lakar, ita kuma ta kai shi har tsoka. Waɗannan su ne ƙwayoyin jijiyar motsi. Ita ta biyun, jikinta ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa, amma zarenta yana iya kai tsawon mita guda, daga ƙugu har babban yatsan ƙafa. Abu biyu ya kamata a riƙe game da ita. Na farko, idan ta mutu ba a haifar wata a madadinta, yadda fata ko jini ke sabuntawa. Na biyu, tsokar da ta daina samun saƙo sai ta tsotse ta ƙanjame. Amma jijiyar ji tata hanyar daban ce, shi ya sa za ka mintsini ƙafar wanda shan inna ya kama ya ji zafi sarai, ɗagawar ce ta gagara.

Kakanninmu sun ga wannan da idonsu, kuma wallahi sun iya lura. Yaro ya yi zazzaɓi kwana biyu ko uku, a wayi gari ƙafa ta saki, bayan 'yan watanni ta sirance kamar an zuƙe abin da ke cikinta. Sai suka ce an sha ta. Wa ya sha? Inna, wadda masu bori a ƙasar Katsina da Gobir da Maraɗi ke kira Doguwa. Daga nan sunan ya fito. Bayanin dalilin ne bai yi daidai ba, amma siffanta cutar ba ta da makusa. Kuma cutar tsohuwa ce ƙwarai: akwai wani allon dutse na Masar ta dā, mai shekara sama da 3,000, da aka zana mutum a kai yana dogara sanda da ƙafa ɗaya shanyayya, yatsun suna kallon ƙasa, irin wadda kowa ya sani a garuruwanmu.

Cikin waɗanda suka fara nuna inda ɓarnar take akwai wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, a asibitin Salpêtrière na birnin Faris. Dabararsa haƙuri ce kawai. Ya bi marar lafiya shekara da shekaru yana rubuta kowace alama, idan ya rasu sai a yanka lakarsa sala-sala a duba da madubin ƙara girma. A 1869, shi da ɗalibinsa Alix Joffroy suka bayyana wasu manya da tsokarsu ke narkewa a hankali, suka ga ƙwayoyin motsi na gaban laka sun ɓace. A 1870 su biyun dai suka duba lakar wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, suka tarar ƙwayoyin wurin ne suka ɓace. A 1874 Charcot ya raɗa wa cutar manyan suna, wanda a taƙaice duniya ke kira ALS, a Ingila kuma a ce cutar jijiyar motsi.

Kun ga abin mamaki: asibiti ɗaya, likitoci biyu, ƙwaya ɗaya, cuta biyu. Ɗaya tana zuwa wa yaro farat ɗaya ta tsaya. Ɗaya tana zuwa wa babba sannu a hankali, ba ta tsayawa sai ta kai ga numfashi. Ta farkon an gano sirrinta cikin shekara arba'in. Ta biyun har gobe ana fama.

Mu fara bin ta yaran, tunda ita ce tamu.

A 1908 a birnin Biyana, Karl Landsteiner da Erwin Popper suka ɗauki lakar wani yaro da ya mutu da cutar suka sa wa birai, biran suka kamu. Nan aka tabbatar ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa, bairos, wadda ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa. A 1949 John Enders da abokan aikinsa biyu a Boston suka iya shuka ta a kwalba, abin da ya buɗe ƙofar allurar Jonas Salk a 1955, sannan ɗigon baki na Albert Sabin a farkon shekarun 1960. A 1981 aka karanta rubutun gadonta gaba ɗaya, harufa kusan 7,500. A 1989 aka gano ƙofar da take bi ta shiga ƙwayar jikin mutum, wani furotin da ake kira CD155.

Yadda take aiki shi ne, tana shiga ta baki, daga ruwa ko abinci ko hannun da bayan gida ya taɓa. Ta zauna a maƙogwaro da hanji ta hayayyafa, ta fita a kashi makonni. A yawancin yara a nan zancen ke ƙarewa, ko zazzaɓi ba sa yi. Amma a kusan ɗaya cikin 200 takan samu hanya ta kai laka, ta shiga ƙwayar motsi ta mayar da ita masana'antar buga kanta har ƙwayar ta mutu. Cikin waɗanda suka shanye, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari suna rasuwa idan ta taɓa tsokar numfashi. Ku riƙe lissafin nan na ɗaya cikin 200. Ma'anarsa, idan ka ga yaro ɗaya ya shanye a ƙauye, akwai ɗaruruwa masu lafiya garau da ke yawo da ita, ana goya su a baya ana shiga mota da su. Jami'in kwastan ko na shige da fice ba shi da abin da zai gani.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ya sa na ce zancen nan na boda ne. Bairos ɗin nan tana kuskure wajen kwafar kanta, kuma kuskuren yana taruwa da ƙa'ida, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a shekara a sashen da masana ke karantawa. Wato tana ɗauke da agogo da kuma salsala. Idan aka samu samfuri a Yaman, aka karanta harufansa, ana iya cewa wannan jikar wadda aka gani a wuri kaza ce, kuma ta yi wata kaza tana yawo ba a gan ta ba. Bairos ba ta iya ɓoye asalinta.

A 1988, lokacin da taron lafiya na duniya ya ƙudurta kawar da cutar, tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya ƙaddamar da gangamin korarta daga Afirka. Aiki ya yi nisa, sai 2003 ta zo.

Manya sun tuna. A tsakiyar shekarar, Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a ƙarƙashin marigayi Dokta Datti Ahmed ta yi zargin an gurɓata ɗigon da maganin hana haihuwa. Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafi. Yau yana da sauƙi a zauna a ce jahilci ne. Ni ban yarda da wannan saukin bayani ba. Zargin yana da uwa da uba. Shekara bakwai kacal kafin nan, a annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Ga yaƙin Iraƙi ana kallo a talabijin a watannin. Ga kuma tambayar da talaka ya yi wadda har yau ba a ba shi amsa mai gamsarwa ba: ɗana yana zazzaɓin cizon sauro na je asibiti an ce in sayo magani, amma wannan ɗigon da ban nema ba an biyo ni da shi har ɗaki kyauta, me ya sa?

Zargi mai dalili ne, amma hukuncin da aka gina a kansa kuskure ne, kuma ba waɗanda suka yanke shi ne suka biya kuɗinsa ba. An aika kwamitoci ƙasashen waje an gwada maganin. Kano ta dawo da rigakafi a ƙarshen Yulin 2004 da ɗigon da aka sayo daga Indunisiya, ƙasar Musulmi. A Oktoban shekarar Shugaba Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa 'yar gwamnan da hannunsa. To amma shekara guda ta riga ta wuce. Bairos ta bi hanyoyin da Bahaushe ya saba bi tun zamanin fatake da alhazan ƙafa: Nijar, Benin, Togo, Gana, Burkina Faso, Kamaru, Cadi, daga Cadi zuwa Darfur a 2004, daga Sudan ta ƙetare Bahar Maliya. A 2005 ta shanye yara sama da 470 a Yaman, da kusan 300 a Indunisiya, ƙasar da muka sayo maganin daga gare ta. Kusan ƙasashe 20 da suka rabu da cutar suka sake kamuwa, kuma a kowace, karatun harufa ya nuna hanyar gida. A nan Nijeriya, a 2006 kaɗai an ƙidaya yara 1,122.

Nijar fa ita ce maƙwabciyar da ta fi shan wahala, kuma wanda ya san yankin nan ba zai yi mamaki ba. Maraɗi Katsina ce. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe can suka koma suka kafa gari, har yau sarautar sunanta Sarkin Katsinan Maraɗi. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka ja a takarda, aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba haraji da tuta, bai raba aure da suna da biki da kasuwa ba. Mace ta yi wankan jego a Ɗan Isa ta dawo ɗakinta a Jibiya. A farkon 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ke da gindin zama, amma ta ci gaba da samun masu shigowa daga kudu shekara bayan shekara. Mun ga an rufe bodar nan a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka buɗe a Maris 2024. Duk wanda ke zaune a nan ya san abin da rufewar ta tsayar: tirela da shinkafar da ta bi titi. Mai babur ta daji da mai goyo ba su fasa ba ko kwana ɗaya.

Yadda aka farfaɗo ba sai na ja ba. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa suka shiga aikin, daga sarki har mai unguwa, kuma wannan ya fi duk wata sanarwar rediyo tasiri. Su kansu waɗanda cutar ta shanye suka fito, irin su Aminu Ahmed Tudun Wada a Kano da ƙungiyarsu mai ƙera kekunan guragu, suna bin gida gida suna cewa ku dube mu. A 2012 an samu 122, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, kuma Katsina na cikin jihohin da suka fi yawa a shekarar. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mafi yawansu mata. Allah Ya jiƙansu. Sauran ba su ajiye akwati ba. 2013 aka samu 53, 2014 shida, na ƙarshe a Sumaila ranar 24 ga Yuli. An fara murna, sai a Agustan 2016 ta ɓulla a Gwoza da Jere a Borno, kuma agogon nan na harufa ya nuna ta shekara biyar tana yawo a yankunan da Boko Haram ta hana shiga. Daga ita ba a sake ganin ta daji ba. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Yanzu ga amsar tambayar, kuma zan faɗe ta yadda take. Ɗigon baki na Sabin bairos ce mai rai da aka raunana. Rauninta ya rataya ne a kan 'yan harufa kaɗan da aka samu sun canza. Yaron da aka ɗiga wa yana samun kariya, yana kuma fitar da raunanniyar a kashi na 'yan makonni. A garin da kusan kowane yaro ya karɓa, tana fita ta rasa inda za ta sauka ta mutu. Amma a garin da rabin yara ba su karɓa ba, ga rashin masai ga ruwan rijiya a buɗe, sai ta yi ta tsalle daga wannan hanji zuwa wancan wata da watanni, tana kuskuren kwafi, har harufan nan su koma yadda suke tun asali. Sai ta dawo da ƙarfin shiga laka. Wannan ita ce shan innar da ake fama da ita yanzu. Arewacin Nijeriya ya ga irinta tun 2005, sama da yara 400 cikin shekara shida. A 2018 wata ta taso a Jigawa ta ƙetara jihar Damagaram. A 2021 an ƙidaya 415 a Nijeriya, kuma a 'yan shekarun nan Sakkwato, Zamfara, Kebbi da Katsina su ne cibiyarta.

Na san wani zai ce, ka gani, ashe daga maganin take. E, asalinta daga nan ne, kuma ɓoye wannan ga jama'a shi ne babban kuskuren masu wayar da kai, don ranar da mutum ya ji a wani wuri sai ya ce dama ƙarya ake mana. Amma a kalli wa take kamawa: yaron da ba a yi wa rigakafi ba, ko aka yi masa sau ɗaya aka bari. Gidan da ya rufe ƙofa shi ne gonar da take girma. Kuma a yankinmu yanzu ba ƙin karɓa ne kaɗai ba. Akwai ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana da Zurmi da ma'aikacin lafiya ba zai shiga ba saboda 'yan bindiga, akwai dubban iyalai da suka tsere zuwa jihar Maraɗi tun 2019, yaransu ba sa cikin rajistar nan ba sa cikin ta can. Abin da ya faru a Borno a 2016 shi nake jin tsoro a dajin nan namu.

Masana ba su zauna ba. Tunda an san harufan da ke komawa baya, sai aka sake ƙera ɗigon ta yadda komawar za ta yi wuya ƙwarai. Sunansa nOPV2, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka fara amfani da shi a Maris 2021. Karatun harufan da aka fara a 1981 shi ne ya haifi wannan bayan shekara arba'in. Haka bincike yake, mai shuka daban mai girbi daban.

To ita ɗaya cutar ta Charcot fa, ta manya?

Duniya ta san ta ta hanyar mutum biyu: ɗan wasan Amurka Lou Gehrig da aka gano masa ita a 1939 ya rasu a 1941, da masanin kimiyya Stephen Hawking da ta kama yana ɗan shekara 21 a 1963 amma ya rayu har 2018. Na Gehrig shi ne abin da aka saba gani, shekara biyu zuwa biyar. Takan fara da ƙaramin abu, maɓalli ya gagara ɓallewa, takalmi ya riƙa zamewa, ko harshe ya yi nauyi, tsoka tana ɗan rawa ƙarƙashin fata. Sannan ta bazu. Yawancin masu ita hankalinsu na nan, suna ji suna gani jiki yana ƙin umarni.

An daɗe ana zargin ko ita ma bairos ce irin ta shan inna da ta ɓuya, an nema ba a tabbatar ba. Hasken farko ya zo ne daga iyalai. Kusan ɗaya cikin goma na masu cutar suna da wani a dangi da ya yi ta. Ta bin jinin irin waɗannan gidaje aka gano ƙwayar gado ta farko a 1993, SOD1. Aka sa ta a ɓeraye, ɓeraye suka shanye, aka yi ta samun magungunan da ke taimakon ɓera su kasa taimakon mutum, shekara da shekaru. A 2006 a Filadelfiya aka gano cewa a kusan duk masu cutar, na gado da waɗanda ba na gado ba, wani furotin mai suna TDP-43 yana barin mazauninsa a tsakiyar ƙwaya ya fito ya dunƙule kamar gudajin kunu. A 2011 ƙungiyoyi biyu suka gano babbar: a wata ƙwayar gado, C9orf72, akwai harufa shida da ke maimaituwa, a mai lafiya 'yan sau kaɗan, a marar lafiya sau ɗaruruwa ko dubbai, kamar faifan da ya maƙale. Wannan kaɗai ya bayyana kusan kashi 40 cikin ɗari na masu gadon cutar a Turawa. Masu tsohon asusu a Facebook za su tuna 2014, lokacin da mutane ke juye wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara. Mu nan dariya muka yi, amma wasan ya tara wa ƙungiya ɗaya a Amurka dala miliyan 115 na bincike.

Magani dai har yanzu da saura. Riluzole na 1995 'yan watanni yake ƙarawa. Tofersen da aka amince da shi a Amurka a Afrilun 2023 ya fi ban sha'awa, don kai tsaye yake toshe saƙon ƙwayar gadon da ta lalace, amma na masu SOD1 ne kaɗai, kusan biyu cikin ɗari na marasa lafiyar.

Ga inda abin ya shafe mu. Ba gaskiya ba ne cewa cutar Bature ce. Tun 1974 Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Ibadan suka wallafa bibiyar 'yan Nijeriya 92 masu ita, suka lura tana kama su da ƙuruciya fiye da Turawa, kuma da dama suna daɗewa da ita. Shekara hamsin ke nan, kuma har yau wannan aikin na cikin manyan abin da ake ambata idan ana zancen Afirka ta Yamma. Maimaicin harufan nan na C9orf72 da ya cika Finlan da arewacin Turai, binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna da wuya a same shi a baƙar fata. Wato abin da ke kashe ƙwayar motsin Bahaushe ko Bayarabe mai wannan cuta yana iya zama wani abu da ba a karanta ba tukuna, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin gado a duniya, kuma ba su kai kashi uku cikin ɗari na waɗanda aka yi manyan binciken gado a kansu ba.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da ake asara. Akwai wata cutar ƙwayar motsi ta jarirai, SMA, wadda aka gano ƙwayar gadonta a Faransa a 1995. Yadda sikila take, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita. A Turawa kusan mutum ɗaya cikin 50 yana ɗauke. Da aka auna a Mali, a wani bincike da ya fito a 2014, sai aka ga kusan ɗaya cikin 200 ne, kuma mutane da yawa a yankinmu suna da kwafin ƙwayar fiye da biyu. Ba a san da wannan ba sai da aka zo aka auna. Haka kuma wata nau'in ALS ta yara, a iyalan Tunisiya masu auren zumunci aka fara siffanta ta, daga jininsu da na wasu iyalan Larabawa aka gano ƙwayar gadonta a 2001. Mu da auren ɗan kawu da 'yar gwaggo ya zama ruwan dare, wa ya taɓa zama ya bi gidajen da ake cewa ciwon ƙafa gadonsu ne?

Ka ɗauki magidanci ɗan shekara 45 a wani ƙauye bayan Jibiya, hannunsa ya fara tsotsewa ba ciwo ba zazzaɓi. Za a ce jifa ne, ko sammu, ko ya taka wani abu. Idan an kai shi asibitin kusa a ce shanyewar ɓarin jiki ce, a ba shi maganin hawan jini. Kafin ya ga likitan jijiya da na'urar auna wutar tsoka sai ya dangana da babban asibitin koyarwa, Katsina ko Kano ko Shika ko Sakkwato, idan gonar da za a sayar ta isa. Da yawa za su rasu ba a taɓa kiran sunan cutarsu ba, sannan a rubuta a littafi cewa ba ta da yawa a Afirka.

Akwai kuma wani abu da ke tafe wanda ban ji ana maganarsa ba. Yaron da shan inna ya kama, ƙwayoyin motsin da suka tsira sukan fitar da sababbin rassa su ɗauki nauyin tsokar da ta zama marainiya. Ƙwaya ɗaya ta yi aikin biyar. Shi ya sa wasu ke samun sauƙi har su taka. Amma bayan shekara 15 zuwa 40, waɗannan ƙwayoyi sukan gaji, sai sabon rauni da kasala da ciwon gaɓoɓi su zo, wani lokaci har da wahalar haɗiya ko numfashi. Ana ƙiyasta kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka tsira suna gamuwa da wannan. Ba bairos ce ta dawo ba, kuma ba ta yaɗuwa. Abin da ke taimako shi ne gashin ƙashi na asibiti da aka tsara, takalmin ƙarfe da ya dace, rage wahalar da jiki, da keken da ba ya cinye kafaɗa. Turai da Amurka sun ga wannan a shekarun 1980, lokacin da yaran annobar 1950 suka manyanta. Namu yaran na 2003 zuwa 2009 yanzu suke shiga shekara ashirin, waɗanda suka girme su kuwa, masu tura keke da hannu a kasuwar Jibiya da tashoshin Katsina, sun riga sun shiga shekarun.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da tsarin da zai iya gano su. Saboda shan inna, Nijeriya ta gina hanyar sa ido da babu irinta a kan wata cuta. Duk yaron da bai kai 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana so a kai rahoto, a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a sa a ƙanƙara a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Akwai jami'in sa ido a kowace ƙaramar hukuma, akwai masu ba da labari har cikin masu ɗori da masu maganin gargajiya da ungozomomi. Tun 2011 a Kano ake ɗibar ruwan kwata ana neman bairos a ciki. Don haka idan ɗanka ko na maƙwabci ƙafarsa ta saki, kada a tsaya sai an gama zagayen masu magani, a sanar da asibitin da ya fi kusa a cikin makon, gwajin kyauta ne. Amma tsarin nan kashin yaron yake nema. Idan sakamako ya fito, ko an samu bairos ko ba a samu ba, fayil ya rufe, kuma daga ranar da mutum ya cika shekara 15 babu wata rajista da ke ƙidaya shanyewar jikinsa, a wannan gefen bodar ko a wancan.